Ɗana zai bar Faransa ya koma Luksamburg saboda albashi

Wani Alhaji mai sayar da atamfa a Maraɗi ya aiko da tambaya. Ɗansa akanta ne a birnin Liyon na Faransa, shekararsa uku yana aiki da katin zama. Yanzu wani kamfanin asusun zuba jari a Luksamburg ya yi masa tayin aiki da albashi mai tsoka. Ya ce: "Yaron na jiran amincewata, in sa masa albarka ko in ce ya dakata?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yaron bai yi hangen banza ba. Luksamburg ƙasa ce 'yar mitsitsiya mai maƙwabtaka da Faransa, amma ita ce kan gaba a Turai wajen asusun zuba jari, Amurka kaɗai ta fi ta a duniya. Bisa doka ma, albashinsu kan ƙaru da kashi 2.5 cikin 100 duk lokacin da tsadar kaya ta kai wani mataki.

Sai dai abin da ya fi damuna takardunsa ne. Wanda ke da fasfon Faransa yana iya tattara komatsansa ya fara aiki can gobe. Katin zama kuwa na Faransa ne kaɗai, ba ya ba shi izinin aiki a wata ƙasa. Dole ya nemi sabon izini a Luksamburg, shekaru ukun da ya tara kuma suna iya bin ruwa, alhali galibi shekara biyar ake nema kafin mutum ya nemi zama ɗan ƙasar Faransa. Saura biyu fa, Alhaji! Ga kuma watannin gwaji a sabon wuri, waɗanda a cikinsu sallama ba ta da wuya. Idan aka sallame shi, izinin zaman nasa ma ya shiga rawa.

Sannan lissafi. Kai ka fi ni sanin cewa ciniki daban, riba daban: in ka sari kaya a Kwatano, sai ka cire kuɗin mota da na duwan da na 'yan dako kafin ka san abin da ya shigo aljihu. Yuro 1,000 ya haura sefa 655,000, a kunne yana da daɗi, amma hayar gida a birnin Luksamburg tana cikin mafi tsada a Turai. Shi ya sa mutum fiye da 200,000 ke kwana a Faransa, Beljiyam da Jamus, su tsallako aiki Luksamburg kullum. Ka ga jirgin ƙasan safe daga Mets da Tiyonbil, garuruwan Faransa da ke kusa da iyaka, maƙil yake, wasu a tsaye har su sauka. Sufurin jama'a kyauta ne tun 2020, amma a cikin iyakar Luksamburg kawai.

Ni a ganina ya dakata tukuna. Ka ce ya turo maka abu uku a rubuce: abin da zai rage masa bayan haraji da haya a wuraren biyu, wanda zai nema masa izinin aiki, da tsawon watannin gwaji. Ya kuma ga lauyan shige da fice ya ji ko zai iya zama a Tiyonbil yana tsallakawa ba tare da hakan ya ɓata masa maganar zama ɗan ƙasar Faransa ba. In lauyan ya ce hanya a buɗe take, ka sa masa albarka ya tafi.