Ragonka na yunƙuri ba ya kashi? Duba ƙasan turke tukuna

Saƙonnin wannan mako kusan duk a kan cikin dabbobi suke. Haka abin yake duk shekara idan layya ta ƙarato, an ɗaure raguna ana ta narka musu dusa.

Wani mai kiwo daga Gaya ya ce ragonsa Balami, wata uku a turke, ya kwana biyu yana yunƙuri, yana karkaɗa jela, yana cizon haƙora, kashi kuwa sai ɗan ƙwaya biyu uku. Ya ɗura masa man gyaɗa da kanwa, an yi masa allura a kemis, babu sauƙi. Yana neman maganin da zai saki cikin.

Malam, kafin ka sayi wani magani, tsuguna ka dubi ƙasan inda yake tsaye. Akwai damshin fitsari? Ka shafa gashin da ke bakin kororon fitsarinsa: a jiƙe yake ko a bushe, ko akwai farin ɓarɓashi a maƙale? Ina tambaya ne domin a ragon turke cushewar kashi zalla ba ta cika faruwa ba. Sau da yawa abin da ake kira cushewar ciki fitsari ne ya toshe, kuma yunƙurin iri ɗaya ne ga wanda bai lura ba.

Daga abinci matsalar take farawa. Dusar alkama da ta masara suna da sinadarin fosfaros da yawa, kalsiyam kaɗan. Jikin rago yana son kalsiyam ya ninka fosfaros sau biyu, dusa kuma ta juya lissafin. Ragon da ke cin ciyawa da harawa yana yawan tuƙa, yana yawan yawu, ta nan rarar fosfaros ke komawa ciki ta fita a kashi. Wanda aka cika wa dusa ba ya tuƙa sosai, sai aikin ya koma kan ƙoda. Ga ƙarancin ruwa, fitsari ya yi kauri, yashi ya taru a mafitsara. Hanyar fitsarin rago doguwa ce, siririya, da lanƙwasa, kuma a ƙarshenta akwai wani ɗan tsini kamar zare inda tsakuwar ta fi maƙalewa. Tunkiya ba ta cika shiga wannan hali ba saboda hanyarta gajeriya ce mai faɗi. Wanda aka dandaƙe tun yana ƙarami kuwa ya fi kowa haɗari, don hanyarsa ba ta gama buɗewa ba.

Idan ka tabbatar ba ya fitsari, wannan aikin likitan dabbobi ne yau ɗin nan, ba gobe ba. Mafitsara na iya fashewa cikin awa 24 zuwa 48. Likita zai fito da mazakutar ya duba, sau da yawa yanke ɗan tsinin nan kawai ke buɗe hanya, sannan ya ba da magani irin su amoniyam kilorayid da ke narkar da yashin. Kada ka gwada yankan da reza a gida. Kuma ka daina kanwar nan. Irin wannan tsakuwa ta fi samun wurin zama a fitsarin da kanwa ta ƙara wa ƙarfi.

Wani abu da ke yaudarar mutane: rago ya kwana biyu yana wahala, sai kwatsam ya daina yunƙuri ya natsu, mai shi ya ce alhamdulillahi allura ta yi aiki. Bayan kwana ɗaya ko biyu ciki ya cika da ruwa, ko ƙasan mara ya kumbura, rago ya kwanta. Mafitsarar ce ko hanyar ta fashe. A lokacin ko an yanka, naman warin fitsari yake, mahauci ma ba zai taya ba.

Ga sauran ragunan da ke turken: harawar wake ko ta gyaɗa ta zama ita ce gindin abinci, don tana da kalsiyam, dusa ta zama ƙari. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansu dare da rana, ba bokiti ɗaya da yamma ba. Ka sa ɗan gishiri a abinci don su yawaita sha. Ka riƙa kwance su suna ɗan zagaya gida. Na san za a ce dusa ce ke sa ƙiba da wuri. Gaskiya ne, ita ce kuma ke kashe babban rago mako biyu kafin kasuwa.

Wata Hajiya daga Funtua ta ce akuyarta tana ta ramewa wata da watanni, ciki ƙato, kashi kaɗan-kaɗan mai yauƙi. Ta ba ta maganin tsutsa har sau uku.

Hajiya, ki ajiye kuɗinki. Idan akuyar tana yawon bola, leda nake zargi. Ki danna cikinta ta gefen hagu, bayan haƙarƙari; idan kin ji dunƙule mai tauri da ba ya lotsawa, ki kai ta asibitin dabbobi. Leda da igiya da tsumma suna cukurkuɗewa a tumbi su tare wurin abinci, mahauta a kwata suna ciro su kilo-kilo. Babu maganin sha da ke narkar da leda, duk abin da mai talla zai gaya miki. Ko dai a yi mata aiki a cire, ko a yanka tun da sauran nama a jikinta. Sauran awakin ki rage musu yawo, ki rataya musu dutsen lasa, don kwaɗayin gishiri na cikin abin da ke kai su ga tauna tarkace.

Daga Maraɗi, wani ya ce tunkiyarsa ta shiga sabuwar ciyawa da sassafe, gefen hagu ya tashi kamar ganga. Ka tsayar da ita gaba ya fi baya tudu, ka ɗura mata man gyaɗa mililita 50 zuwa 100 a hankali ta gefen baki, kada ya bi ta huhu, ka murza cikin, ka sa ta tafiya. Idan tana haki da baki a buɗe ko ta faɗi, a nemo likita a guje.

Wani daga Azare ya sayo awaki biyu a kasuwa ya haɗa da nasa. Bayan mako guda garken ya kama zawo da majina da ƙuraje a baki, ya ƙarar da kwalba biyu ta allurar oksitetirasaikilin. Wannan ya yi kama da annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, kuma allurar nan ba ta kashe ƙwayar cutar. Ka ware marasa lafiya, ka ba su ruwan gishiri da sukari, ka sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana haɗa allurar rigakafinta, allura ɗaya tana kare dabba shekara uku. Sabuwar dabba kuma a keɓe ta mako uku kafin ta shiga garke.

Mai tambaya ko zai iya yanka ragon da aka yi wa allura jiya: a'a, karanta kwanakin jira da ke jikin kwalbar, wasu har mako huɗu ne.