Tambaya da Amsa: Sunayen marayunmu sun tafi da wayar sakatare

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar mata a Gusau. Muna tallafa wa marayu da matan da aka kashe musu maza, yawancinsu waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Maru da Tsafe da Bungudu. Duk sunayen da muka rubuta, da lambobin waya, da hotunan yara, da hotunan katin NIN na iyayensu mata, suna cikin wayar yaron da yake mana sakatare. Ya samu aiki a Abuja ya tafi. Da muka neme shi sai ya ce wayar ta lalace, ya sayar da ita. Ga shi wasu masu son taimaka mana daga ƙasar waje sun ce mu tura musu cikakken jerin sunaye da hotuna kafin su saki kuɗi. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah Ya saka muku da alheri. Sunayen da suka ɓata za ku sake tattarawa, wahala ce ta ɗan lokaci. Wayar da aka sayar ita ta fi damuna, kuma da ita za ku fara yau ɗin nan. Wayar da mai ita ya ce ta mutu, sau da yawa gilashi ne ko batir, mai gyara zai tashe ta kafin la'asar, kuma duk abin da ke ciki yana nan yadda aka bar shi. Ki kira yaron nan cikin lumana, kada a fara da faɗa, domin kuna bukatarsa. Ki tambaye shi wa ya sayar wa, kuma ko ya goge wayar kafin ya miƙa ta. In Android ce kuma akwai asusunsa na Google a kai, zai iya shiga asusun ta wata wayar ya ba da umarnin a share ta daga nesa, umarnin zai yi aiki da zarar an kunna ta ta hau intanet. Kafin ya share, ya duba ko hotunan da saƙonnin WhatsApp sun ajiye kansu a asusun. In an dace, rabin aikinku zai dawo ta nan.

Me ya sa na matsa? Ke da ni mun san halin da ake ciki a Zamfara. Takardar da ke nuna wance 'yar ƙauye kaza ce, ga lambarta, ga gidan da ta sauka a Gusau, ga kuɗin da take karɓa duk wata, ita ce irin abin da infoma yake nema. Ko ba a kai nan ba, ɗan damfara da ke riƙe da suna da NIN da lambar waya zai bugo ya ce daga ƙungiyarku yake, a karanto masa lambar da banki ya turo don a saka tallafi. Matar da ta saba ganin alheri daga hannunku ba za ta yi musu ba.

Akwai doka kuma a kan wannan. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Dokar ba ta ware ƙungiyoyin agaji ba, duk wanda ya tara bayanan mutane yana yanke shawarar abin da za a yi da su, ta hau kansa. Ta ce idan bayanai suka fita daga hannunku ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, ku sanar da hukumar cikin awa 72 daga lokacin da kuka sani. Ta tanadi tara: ga ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga manya kuma naira miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Ban kawo wannan don in tsorata ki ba. Ku samu lauya ya duba muku batun sanarwar, akwai masu yi wa ƙungiyoyi irin taku don Allah. Su kuma matan, ku gaya musu gaskiyar abin da ya faru, ku ja musu kunne cewa ƙungiya ba za ta taɓa tambayar lambar sirrin banki ta waya ba.

To sai batun sabon rubutu. Kafin a buga fom ko ɗaya, kwamitinku ya zauna ya ɗauki kowace tambaya ya ce: in mun sani, me za mu yi da ita? Na sha zama a teburin rajista a makarantun firamare inda 'yan gudun hijira suka sauka, da fom mai shafi huɗu da wata ƙungiya ta kawo. Ana tambayar mace yadda aka kashe mijinta, tana kuka ana rubutawa, alhali abin da za a raba shinkafa ce da man girki. Don raba shinkafa, suna da unguwa da yawan bakin da ke gidan sun isa. Hoton katin NIN kuwa ban ga dalilin ajiye shi a wajenku ba. A duba katin da ido, a tabbatar ita ce, a mayar mata da abinta. Abin da ba ku karɓa ba, ba zai taɓa ɓata a hannunku ba. Lafiyar mutum da addininsa da ƙabilarsa da zanen yatsunsa, dokar ta sa su a wani aji na daban mai tsauri, don haka kada ku taɓa su sai da dalili mai ƙarfi da yardar mai su.

Sannan rajistar ta zama mallakar ƙungiya. Ku sayi waya da layi da sunan ƙungiya, ku buɗe imel na ƙungiya, mutum biyu daga cikin amintattu su san kalmar sirri, kuma a canja ta duk ranar da wani ya bar aiki, ko da an rabu lafiya. Mutum ɗaya a ce shi ne mai riƙon rajista, a rubuta sunansa a littafin taro. Zauren WhatsApp na ƙungiya ba wurin ajiya ba ne: hoton da aka jefa can ya sauka a wayar kowane mamba, ciki har da wadda jikanta ke wasa da ita. Kuma kada ku dogara da intanet kaɗai. Kin tuna Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a faɗin jihar nan, makonni ba sabis, wasu ƙananan hukumomin har fiye da wata biyu. Wanda duk lissafinsa ke Google Drive ya zauna hannu rabbana. A samu kwafi a takarda cikin kabad mai kwaɗo, da wani a filash mai kalmar sirri a gidan shugaba. In kuna da matashiya mai hannu a kwamfuta, ta koyi KoboToolbox, wata manhajar tattara bayanai, ana cika fom ɗinta ba tare da sabis ba, a tura daga baya.

Masu tallafin nan na waje fa, ku bi su a hankali. Mai ba da tallafi na gaskiya yana son ya tabbatar mutanen suna nan, wannan haƙƙinsa ne. Ku ba shi takardar rajistarku ta CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, da adadi: gida nawa, yara nawa, 'yan makaranta nawa, daga waɗanne ƙananan hukumomi. Ku ba kowane gida lamba, ku tura jerin lambobi babu sunaye, ku ce ya turo wakilinsa Gusau ya zaɓi duk lambar da ya ga dama a kai shi ya gani. In ya nace sai sunaye, sai an yi yarjejeniya a rubuce da ta faɗi me zai yi da su, wa zai gani, yaushe zai goge, kuma sai matan sun sani sun yarda, domin dokar ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasar waje. Wanda ya ce a turo hotunan kati ta WhatsApp kafin ya nuna ko wane ne shi, ni dai ba na sakin jiki da shi. Girman ƙungiya ma ba ya hana tsautsayi: a Janairun 2022 Red Cross ta duniya ta sanar cewa an yi mata kutse an kai ga bayanan mutum fiye da 515,000, ciki har da waɗanda rikici ya raba da danginsu.

Hotunan yara kuwa, wanda bai kai shekara 18 ba sai da yardar uwa ko waliyyi. Ni ko da yardar ma ba na son hoton maraya rungume da buhu yana yawo a Facebook. Yaron nan zai girma, abokansa za su gani. Mu da aka karanta mana falalar wanda ya yi sadaka ya ɓoye har hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba, bai kamata sai dokar Abuja ce za ta tuna mana ba.

Tambaya: Malam, ni sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ne a yankin Argungu. Muna da jerin mambobi har uku: littafin shugaba, wanda na shigar a Excel, da wanda muka taɓa kai wa banki. Ba wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa. Duk lokacin rabon taki sai an yi rigima. Wanne ne na gaskiya?

Amsa: Malam Sakatare, sai wanda kuka zauna kuka ce shi ne. Wannan ciwo ya zama ruwan dare a Kebbi tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, ƙungiyoyi suka yi ta haɗa sunaye da BVN cikin gaggawa. Da ambaliyar 2020 ta cinye gonaki, aka sake rubuta wasu sunayen don neman agaji, kowane rubutu da nasa kamanni.

Rabin rikicin daga sunayenmu yake. Mutum ɗaya ne Muhammadu a littafin shugaba, Mamman a bakin jama'a, Mohammed a banki. Abubakar ne Garba, Usman ne Shehu, Ibrahim ne Iro. Kwamfuta ba ta san haka ba, mutum uku za ta ƙirga. Ranar haihuwa ma ba za ta cece ka ba, ka duba ka ga yawan waɗanda aka rubuta wa 1 ga Janairu. Don haka kowane mamba a ba shi lambar ƙungiya da ba ta canjawa, a rubuta sunansa yadda yake a katinsa harafi da harafi, a gefe a sa sunan da aka san shi da shi da ƙauyensu.

Kafin nan ku warware abin da kowa ke kauce wa: wa ake kira mamba? Wanda ya biya kuɗin bana, ko duk wanda ya taɓa biya? Wanda ya rasu, ɗansa ya gaji lambar ko sabuwa zai karɓa? Gona da hekta ake rubuta ta ko da eka? Ku yanke a babban taro, a rubuta. Daga nan a kira suna ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, masu unguwanni suna zaune, a fitar da rajista guda. Kai kaɗai za ka riƙa gyara ta, kuma duk gyara a sa kwanan wata da dalili, a ja layi a kan tsohon rubutu ba a goge shi ba. A sake bi ta kanta kafin noman rani da kafin damina. Tsofaffin ukun a rubuta musu "an soke" a ɗaure a ajiye, kada a bar su a hannun kowa ranar rabo.

Tambaya: Wani mai neman kujera ya ce mu ba shi sunaye da lambobin matan da muke koya wa sana'a a Ƙauran Namoda, zai raba musu kayan azumi. Mu ba shi? Ba ma son mu ɓata da shi.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ku ba shi. Matan sun ba ku lambobinsu don koyon ɗinki da saƙa, kuma dokar ta hana a juya bayanai zuwa wata manufar da ba ta dace da wadda aka karɓe su dominta ba. Ba sai an ɓata ba: ku gode masa, ku ce ƙa'idar ƙungiya ce a rubuce, ko shugaba ba ta da ikon ketare ta. Ya faɗi rana da wuri, ku sanar da matan a aji, mai so ta je da ƙafarta ta ba shi lambarta da bakinta. In ba ku da wannan ƙa'idar a rubuce, ku kira taron kwamiti ku rubuta ta kafin ku mayar masa da amsa.