Tambaya da Amsa: Shinkafar Kirsimeti ko Rumbun Agusta?

TAMBAYA: Mama, ni ma'ajiya ce ta Zumuntar Mata a wata ikilisiya a Saminaka. Mun tara ɗan kuɗi daga baiko domin mu taimaki mutanen gari. Wasu sun ce a sayi shinkafa a raba a Kirsimeti kamar kullum, amma hankalina bai kwanta ba. Me za ki ce?

AMSA: 'Yata, hankalinki ya gaya miki gaskiya. Kirsimeti bayan kaka take zuwa, lokacin da ko gwauruwa tana da ɗan abin sa wa a tukunya. Wahalar manomi tana cikin Yuli da Agusta: rumbu ya yi ƙasa, sabuwar masara ba ta nuna ba, kuɗi sun tafi a taki, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara. A watannin nan ne mace ke sayar da akuyarta a wulaƙance domin kwano biyu na hatsi.

Ku kuma Allah ya ajiye ku a garin da masara ke sauka tirela-tirela. Ku saya da kaka tana araha, ku zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Idan damina ta yi tsakiya ku fito da ita, ku sayar ƙasa da farashin kasuwa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun daɗe suna wannan, su suna kiransa bankin cimaka.

Na san wata za ta ce kunya ce ikilisiya ta karɓi kuɗin talaka. Ki ba ta labarin Galmi, garin albasar nan da ke jihar Tawa a Nijar. Wani mishan na Kirista mai suna SIM ya buɗe asibiti a can a 1950, har yau yana aiki, kuma marasa lafiya na biyan wani abu, ana ɗauke wa wanda ba shi da ko sisi. Yawancin masu zuwa Musulmi ne, wasu ma daga Najeriya suke tsallakawa. Da kyauta zalla ake yi, anya da ya kai yau?

Kafin ku auna kwano ɗaya, ku je ku gai da mai unguwa da sarkin kasuwa da limamin unguwarku. Su suka san gidan da hayaƙi bai tashi ba. Kada kuma a ce sai mutum ya zauna ya ji wa'azi kafin a auna masa. Yunwa ba ta tambayar addini, kuma ranar da aka fara haka rabin gari zai daina zuwa.

Ke da kike riƙe da kuɗi, ki tsare mutuncinki. A sa kwaɗo biyu a ƙofar sito, makulli ɗaya wurinki, ɗaya wurin wata da mata suka zaɓa, ba matar Fasto ba, don kada a ja ta cikin tsegumi. Kowane buhu ya shiga littafi, a karanta lissafin a gaban taro duk ƙarshen wata.