Kano ba ta da teku, to wane tarihin jirgin ruwa za mu adana?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamin aikin katako ne a wata makarantar koyon sana'a a cikin birnin Kano. Na ga bidiyon wasu ƙungiyoyin al'umma a ƙasashen waje inda dattawa ke koya wa matasa haɗa jirgin ruwa na katako, suna kuma adana tarihin tashoshin ruwansu. Abin ya burge ni. Da na kawo maganar a ƙungiyarmu ta unguwa sai aka yi mini dariya, wai ina Kano ina jirgin ruwa. Wani kuma ya ce mu sayo tsohon kwale-kwale mu kafe a harabar makaranta, magana ta ƙare. Shin akwai abin da za mu iya yi a nan, kuma ta ina za mu fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Masu dariyar su taimaka su je Wudil da sassafe, su tsaya a kan gada su leƙa ƙasa. Za su ga masunta da masu fito da masu ɗiban yashi, kowa da jirginsa. Haka abin yake a Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, da madatsar Challawa ta Karaye da aka kammala a 1992, da ta Watari a Bagwai. Duk jirgin da ke kan waɗannan ruwaye wani ne ya haɗa shi da hannu, kuma wani ne ke toshe shi idan ya fara yoyo. Waɗannan mutane su ne abin da kake nema.

Tarihin kuwa ya fi yadda ake zato zurfi. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da itace a zurfin kimanin mita 5. Ashe kwale-kwale ne, mai tsawon mita 8.4, an sassaƙa shi daga gungume ɗaya na dangin maɗaci. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tone wurin, gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Babu jirgin da aka taɓa samu a Afirka da ya girme shi. Dufuna tana kusa da Komadugu Gana, kuma ruwan Kogin Kano da na Challawa, bayan sun haɗu sun zama Kogin Haɗejiya, can Yobe suke gangarawa su nufi Tafkin Chadi. Wato mu da mai sassaƙar nan ruwa ɗaya muke sha.

Akwai kuma abin da 'yan kasuwar birni suka manta. Layin dogon da ya iso Kano a 1911 daga Baro ya taso, a bakin Kogin Kwara, kuma jiragen ruwa ne suka hauro da ƙarafansa har can. A farkon lamarin Baro ce tashar ruwan Kano, kafin layin Ikko ya ƙwace mata ciniki. Bandar kifin Baga da ake saukewa a kasuwannin birni ita ma daga cikin jirgi ta fara tafiyarta.

Shawarar kafe tsohon kwale-kwale a harabar makaranta ita ce ban yarda da ita ba, kuma dalilina na masu aikin katako ne, ka fi ni saninsa. Katako yana kumbura idan ya sha ruwa, yana tsukewa idan ya bushe, kuma tsukewar ta fi yawa a faɗinsa, ba a tsawonsa ba. Jirgin da ke kan ruwa wannan kumburin ne ke matse haɗin allunansa. Ka ɗauke shi ka girke a tsakar makaranta, hunturu ɗaya na Kano ya ishe shi: haɗin ya buɗe, ƙusoshi su saki, gindin ya dare. Damina ta zo ruwa ya kwanta a ciki, gara ta ƙarasa saura. Itacen da ya daɗe a cikin ruwa ko laka matsalarsa ta ma fi haka, domin ruwan ne ke riƙe da siffarsa, yana bushewa sai ya motse ya karkace. Jirgin yaƙin nan na Suwidin mai suna Vasa, wanda ya nutse a 1628 aka ciro shi a 1961, shekara 17 aka yi ana fesa masa wani sinadari mai kama da kakin zuma kafin a bar shi ya bushe a hankali. Ƙungiyar unguwa ba ta da wannan kuɗin, kuma ba ta buƙatarsa.

Abin da shirye-shiryen da ka gani suka gane shi ne sanin da ke hannun maƙerin jirgi ya fi jirgin saurin ɓacewa. Kusa da Roskilde ta ƙasar Denmak an tono tsofaffin jirage 5 a 1962. Gidan tarihin garin bai tsaya ga nuna ɓaraguzansu ba, sai ya buɗe wurin haɗa jirgi a bakin ruwa, ana tsaga itacen da gatari kamar yadda masu shi suka yi. Kwafin mafi girmansu, mai tsawon kusan mita 30, an yi shi daga 2000 zuwa 2004, aka tuƙa shi har Dublin ta ƙasar Ireland a 2007. Da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama jiragen katako na ƙasashen arewacin Turai a 2021, sana'ar haɗa su da amfani da su ta sa a jerinta na al'adun gargajiya. Haka ta yi wa bikin kamun kifi na Argungu a 2016, tare da tseren kwale-kwale da wasannin ruwansa.

Saboda haka, kada ka fara da sayen katako. Fara da gaisuwa. Ka je Wudil ko Tiga, ka bi ta hannun dagaci da sarkin ruwa ko shugaban masunta, su za su nuna maka wanda ke haɗa musu jirgi. Ka je a matsayin ɗalibi, ko da takardunka sun fi nasa yawa, kuma ku sa kuɗin koyarwarsa a cikin kasafinku tun farko. Na sha ganin an kira dattijo mai sana'a, an ɗauke shi hoto, an sallame shi da lemo da kuɗin mota, sannan a zo ana mamakin ya ƙi dawowa.

Abin da za ka tarar ya sha bamban da jirgin Dufuna. Jirgin sassaƙa, wanda ake rarake gungume ɗaya da gatari da gizago, girmansa bai wuce girman bishiyarsa ba, kuma manyan maɗatai da maje sun yi ƙaranci a ƙasar Kano. Shi ya sa jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen gindi ya maye gurbinsa: alluna da ƙusa, a cusa auduga ko tsumma a haɗin, a bi da kwalta, wani lokaci a rufe da yankin langa-langa. Wasu na raina shi, suna ganin ba shi ne na gargajiya ba. A wurina shi ne ya fi cancantar a rubuta, domin shi ke ɗauke da mutane yau, kuma masu yinsa ba su da zane ko ɗaya a takarda. Faɗin gindi, karkatar gefe, ɗagowar goshi, duk a ido da taƙi da kamu suke.

Nan ne ɗalibanka za su yi amfani. Su auna jirage uku ko huɗu na maƙera daban-daban, su fitar da zanensu, su yanka samfurin kowane allo a falwaya. Su naɗi hira da waya: wane itace ne ke jure ruwa, wane ne ke ruɓewa da wuri, yaushe ake ja da jirgi tudu a gyara, wa ke da ikon mashigi, nawa ne kuɗin fito da da yanzu, me ya canza bayan an datse kogi a Tiga. Sunayen kayan aiki da na sassan jirgi a rubuta su yadda masu sana'ar ke faɗa, kada a gyara musu Hausa. Bayan haka ne za ku sayo katako a Na'ibawa ku haɗa ƙaramin jirgi guda, maƙerin yana tsaye a kanku, ɗalibai na riƙe da zarto da guduma.

Kada kuma a raba wannan aiki da maganar rai. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin fito ya kife a ruwan Bagwai bayan ya taso daga Badau, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, kuma rahotanni sun danganta abin da lodin da ya wuce kima. Duk jirgin da kuka haɗa, ku gwada shi da buhunan yashi a wuri marar zurfi kafin mutum ya hau, ku ja layi da fenti a gefensa inda ruwa bai kamata ya wuce ba, ku rubuta adadin mutanen da zai ɗauka. Ɗalibi ba ya hawa sai da rigar kariya, ko da ya ce a kududdufin unguwarsu babu wanda ya kai shi iyo.

Idan an gama, jirgin ya koma ruwa wurin masu aiki da shi, da yarjejeniya a rubuce kan wanda ya mallake shi da wanda zai riƙa gyara. Abin da ya dace da harabar makaranta shi ne zane da samfura da hotuna. Kwafin hirarrakin kuma ku nemi a ajiye muku a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, ɗaya kuma a mayar wa maƙerin da iyalinsa. Ku tsara awo da hira a cikin rani, lokacin da ruwa ya ja baya ake gyaran jirage a tudu, domin a sannan ne za ku ga gindin jirgi da idonku.