Kyamara Zan Saya ko Me? Amsoshi ga Malaman da ke Son Koyarwa ta Bidiyo

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, malaman jami'a da na kwalejoji suka fara neman yadda darasi zai kai ga ɗalibi ko da ba a haɗu a aji ba. An koma aji, amma tambayoyin ba su tsaya ba. Ga uku daga cikin waɗanda suka iso mini.

Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne a wata kwalejin ilimi. 'Yan ajina sun kusa 300, na baya ko allo ba sa gani. Na tara 'yan kuɗi ina son sayen babbar kyamara in riƙa naɗar darasi. Wace iri zan saya?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri, domin ba kowa ne zai taɓa albashinsa saboda 'yan bencin baya ba. Amma ka dakata da maganar kyamara. Wayar da ke aljihunka, in dai ta 'yan shekarun nan ce, hoton da take ɗauka ya fi ƙarfin abin da ɗalibinka ke buƙata, tunda shi ma a ƙaramar fuskar waya zai kalla.

Inda ake faɗuwa shi ne murya. Ɗalibi zai haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma in yana kasa kunne bai ji me ka ce ba, minti biyu ya rufe. Makirufon jikin waya ba ya zaɓe: kukan fanka, ƙarar janareta, babur da ya wuce, amsa-kuwwar ɗaki, duk da su yake kwasa. Don haka kuɗinka na farko ya tafi ga ɗan makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Boya BY-M1 ya yi suna a wannan aiki, igiyarsa mita 6 ce, kana iya tsayawa gaban allo waya na nesa. Ka duba ko wayarka na da ramin sa abin sauraro; in babu, sai ka haɗa da ɗan mahaɗin da ke shiga wurin caji. Kuma ko a Farm Centre ta Kano ka je ko wata kasuwar waya, kada ka biya sai ka naɗi muryarka a nan cikin shagon ka saurara, don jabu ya yi yawa. Akwai marasa igiya, suna da daɗin aiki, sai dai suna buƙatar caji, masu arahar cikinsu kuma sukan yanke magana.

Na biyu, abin tsayar da waya mai ƙafa uku. Na uku haske, shi kuwa kyauta ne: ka fuskanci taga, kada ka ba ta baya.

Tunda lissafi kake koyarwa, hannunka ɗalibi ke son gani yana warware matsala mataki-mataki, ba fuskarka ba. Ka kifa wayar ta kalli tebur, ka sa farar takarda, ka yi rubutu da alƙalamin maka mai kauri kana bayani. In kana da kwamfuta kuma kuɗi ya rage, ƙaramin allon rubutu na Wacom, Huion ko XP-Pen tare da manhajar OBS Studio, mai naɗar abin da ke fuskar kwamfuta, wadda kyauta ce, zai ba ka rubutu tsaf, fayil ɗin kuma ba nauyi.

Sai abu mafi muhimmanci, wanda ba a saya a kasuwa. A 2014 wani mai bincike, Philip Guo, da abokan aikinsa biyu sun bi diddigin kallon bidiyon darussa sau miliyan 6.9 a dandalin karatu ta intanet na edX. Sun ga cewa hankalin masu kallo kan fara janyewa bayan kamar minti 6, kuma bidiyon da malami ke rubutu da hannu yana magana ya fi riƙe mutane a kan na shafukan da aka riga aka tsara. Saboda haka kada ka naɗi laccar awa biyu ka tura. Ka yanka ta: matsala ɗaya, bidiyo ɗaya, minti 6 zuwa 10. Wanda bai gane mataki na uku ba sai ya maimaita wannan kaɗai.

Ina koyarwa a jami'a, yawancin ɗalibaina na babban digiri ma'aikata ne a garuruwa daban-daban. Zoom na yanke mu ana tsakiyar darasi. In biya kuɗin wata-wata?

Malama, yankewar nan ƙa'idar Zoom na kyauta ce: minti 40, mutum 100. Google Meet na kyauta yana kaiwa minti 60. Biyan kuɗi zai cire wannan iyaka, amma kafin ki biya ki tambayi sashen kwamfuta na jami'arku, domin makarantu da dama suna da rajista da Google ko Microsoft, malamai ba su ma sani ba.

Sai dai ina roƙonki ki duba ta gefen ɗalibi. Bidiyon kai tsaye da ke jan megabit 1 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 450 a awa ɗaya. Ki lissafa darussa nawa yake ɗauka a mako, ki tuna kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100. Murya zalla kuwa ba ta wuce megabait 30 a awa in an matse ta daidai. Sannan kai tsaye yana buƙatar wuta da sabis su daidaita wa kowa a lokaci guda. Wanda sabis ya yanke masa ya rasa darasin ke nan, alhali naɗaɗɗen bidiyo yana iya sauke shi cikin dare lokacin da data ke arha, ya kalla sau uku.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. In naɗi bayanin darasi gajere-gajere, in matse shi da manhajar HandBrake, ita ma kyauta ce, in ɗora a YouTube a tsarin da sai mai adireshin bidiyon ne zai gani, ko in tura ta Telegram ko WhatsApp a matsayin fayil. YouTube yana da wata fa'ida: ɗalibi da kansa zai rage ingancin hoto zuwa 240 ko 360 gwargwadon datarsa. Sai haɗuwar kai tsaye ta zama ta tambaya da muhawara kawai, kowa ya kashe kyamara, a bar murya da shafin da kike nunawa. In an yi haka, minti 40 ɗin ma sun isa, kuɗinki ya tsira. Wurin da biya ya dace shi ne kare kundin bincike, inda yankewa a tsakiya ke zama cutarwa ga ɗalibi, kuma wannan nauyin sashe ne, ba naki ba.

Ni shugaban sashe ne. An ware mana kuɗi kaɗan. Wasu na cewa mu sayi Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, wasu na cewa mu gina ɗakin naɗar bidiyo. Ni kuma tsorona kada ɗalibai su daina zuwa aji.

Ranka ya daɗe, wuta ce farko. Faranti biyu-uku na sola da batir mai kyau, waɗanda za su riƙe kwamfuta da fitila da na'urar intanet, sun fi kowace kyamara amfani, ga shi ba su da ƙarar janareta da ke ɓata murya. Bayan nan, ɗaki ɗaya nesa da hanya, a shimfiɗa kafet, a rataya labule masu kauri, a ajiye makirufo biyu da kwamfuta ɗaya, malamai su riƙa shiga bi da bi. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin kayan, in ba haka ba kafin ƙarshen zango an rasa igiyoyi.

Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, yana da sauri, amma kuɗinsa kowane wata ne, kuma ba ya bin ɗalibi gida. In babu tabbacin wanda zai riƙa biya bayan kuɗin nan sun ƙare, a bar shi. Kwamfutar sashe da aka tara bidiyoyi a ciki, ɗalibai su zo su kwafa, shugaban aji ya raba wa saura ta Xender, tana isar da darasi ba tare da kowa ya sayi data ba.

Wani abu da nake so ka sa wa ido: kada a naɗi fuskokin ɗalibai, musamman mata, ba da yardarsu ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan, kuma ko ba doka, ɗalibar da ta san za a yaɗa hotonta ba za ta sake ɗaga hannu ba. Kyamara ta tsaya kan malami da allo.

Game da tsoronka, gaskiya ne wasu za su janye in abin da ake yi a aji shi ne dai abin da ke cikin bidiyo. Maganin yana hannun malamai: bayani ya tafi bidiyo, a kalla kafin a zo, lokacin aji kuma ya zama na warware tambayoyi, aikin rukuni da gwajin minti 10 a farkon darasi wanda makinsa ke shiga sakamakon zango. Ku gwada da darasi ɗaya na 'yan aji ɗaya a zangon nan, ku kwatanta rajistar halarta da ta bara, sannan ku yanke shawarar abin da za a saya da ragowar kuɗin.