Muna naɗar kiran gaggawa, amma nemo shi ya gagare mu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutoci a wata cibiyar motocin ɗaukar marasa lafiya a nan Yamai. Duk kiran da ya shigo muna naɗarsa, amma a jibge suke wuri guda. Kwanan baya wasu iyali suka kawo ƙorafin cewa motarmu ta makara, sai da na yi kwana biyu ina saurare kafin na gano nasu. Wace manhaja ce za ta fid da mu?

Amsa: Wa alaikumus salam, sannu da ƙoƙari ɗan'uwa. Kiranku sun zama kamar buhunan gero a sito, duk kama ɗaya, ba wanda aka rubuta sunan mai shi. Manhajar da kake buƙata ita ce mai liƙa wa kowane kira shaidarsa tun yana shigowa: lambar mai kira, lokacin da waya ta fara ƙara, lokacin da aka ɗauka, wanda ya ɗauka, da lambar lamarin da aka buɗe masa. In akwai waɗannan, aikin kwana biyu zai koma na minti ɗaya. Idan da Asterisk, wato manhajar sarrafa layukan waya, wayoyinku ke aiki, rabin hanya kun riga kun ci, domin yana naɗa da wani sashensa mai suna MixMonitor, yana kuma ajiye rajistar kira. Saura a haɗa su biyun da lamba ɗaya.

Amma ka fara duba agogo. Na taɓa shiga wata cibiya na tarar agogon na'urar naɗa ya sha gaban na rajistar fitar motoci da minti shida. Ka ga ke nan direban da ya fita kan kari, a takarda sai lissafi ya rikice, a rasa mai gaskiya tsakaninsa da masu ƙorafi. Dukkan na'urorin ɗakin su riƙa saita lokacinsu daga wuri ɗaya ta hanyar NTP, tsarin da kwamfutoci ke daidaita agogonsu da shi. Ba ya cin ko dala, kuma ba na yarda da naɗin da ba a yi masa wannan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maɓallin maimaita kira nan take. A garin nan da kwatance muke rayuwa. Mace ta bugo daga unguwar Talaje cikin kuka, Hausa tana haɗuwa da Zabarmanci, ta ce bayan masallaci, kusa da mai shayi, sai layi ya katse. Mai karɓa ba shi da lokacin neman fayil. So yake ya danna wuri ɗaya ya sake jin maganarta ta ƙarshe, ya rage mata sauri in ta kama. Haka ma masu amsa lambar 'yan sanda 17 da ta 'yan kwana-kwana 18 suke buƙata.

Wurin ajiya kada ya tsorata ka. Murya a tsarin G.711, wanda wayoyi ke ɗaukar sauti da shi, ba ta kai rabin mega a minti ba. Ko kira 500 kuke samu kullum, kowane minti 3, shekara ba za ta cinye giga 300 ba. Sai dai kwafi biyu, ɗaya a wani gini dabam, da batirin da zai riƙe na'ura kafin injin wuta ya tashi.

Muryoyin nan amana ce, akwai ciwon mutane da sirrin gidajensu a ciki. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, hukumar kare bayanan, wato HAPDP, ke sa ido a kai. Manhajar ta rubuta wanda ya saurara da ranar da ya saurara, ta hana gogewa, kuma kada wani ya iya kwashewa ya tura ta WhatsApp.

In mai sayarwa ya yi maka tallar mai da murya rubutu, ba shi kira goma naku na Hausa da Zabarmanci ya gwada a gabanka. Sannan ka sa a bugo waya, ana cikin magana ka zare wutar na'urar, ku duba tare ko abin da aka faɗa kafin nan ya tsira.