Na Kusa Gama Makarantar Jinya, a Wane Sashe Zan Fara Aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Saura wata 4 in rubuta jarrabawar ƙarshe. Ƙawayena kowa ta san inda ta dosa, wata tiyata, wata ɗakin haihuwa, ni kuwa kaina ya kulle. Ga kawuna yana so in riƙe masa ƙaramin asibitinsa, wai ni ce babba. Ina tsoron da-na-sani.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki. Da wuya sabuwar nas ta zaɓi sashe da kanta. Metiron, wato shugabar nas-nas ta asibiti, ce ke tura ki inda ake da giɓi, kuma za a yi ta juya ki. Ƙwarewa sai a kwas na gaba: ƙashi a Dala, ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ƙwaƙwalwa a asibitin Barnawa da ke Kaduna ko na Kware da ke Sakkwato. Kafin nan ki lura da sashen da in kin tashi aikin dare kike ci gaba da tunanin majinyatansa.

Maganar kawunki ce ta tsaya mini a rai. Mutanenmu sun ɗauka duk wadda ta iya allura da ƙarin ruwa ta gama jinya. Wallahi wannan tunanin na kashe mutane. Gano jijiya ai yaron kemis ma ya iya. Sanin wanda bai kamata a sa wa ruwan ba, shi ne aikin. Sau nawa aka kawo mana dattijo ƙafafu a kumbure, yana haki, ya kasa kwanciya sai a jingine, an ɗura masa leda 3 a gida don "ba shi da ƙarfi"? Zuciyarsa ce ta gaza, ruwan ya taru a huhu. Ko mai juna biyu da ciwon kai da ganin dishi-dishi, a ba ta Panadol ba a auna hawan jininta ba, sai ta fara jijjiga a zo da ita a guje.

Wannan idon ba a aji ake samunsa ba. A ɗakin kwantar da majinyata ake samunsa, wurin da kuke rainawa saboda gyaran gado da kwashe fo, kina bin wata tsohuwar sista tana yi miki faɗa. A asibitin kawu wa zai ce kin yi kuskure? In abu ya ɓaci, lasisinki Hukumar Nas-nas da Ungozomomi za ta riƙe, ba nasa ba.

Ki ba shi haƙuri, ki ce ya ba ki shekara 2.